Dan Allah a taimaka: yaya zan fitar da irin tumatir mai jure cuta tunda bana feshin sinadari?

Mai_Lambu77

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma, barkanmu da warhaka. Ina da tambaya, ku yi haƙuri zata ɗan yi tsawo.

Shekara biyar kenan ina noman tumatir ba takin zamani ba maganin feshi na sinadari, wato dai abin da ake cewa noman oganik, takin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye kawai nake zubawa, kuma alhamdulillah ƙasar ta yi kyau sosai. Damuwata cuta ce. Akwai wani iri da nake ajiyewa tun farkon farawata, 'ya'yansa manya ga zaƙi ga ƙamshi, duk wanda ya ɗanɗana sai ya tambayi inda na samo shi, amma fa ba shi da juriya ko ta sisin kwabo. Bara da aka yi kwana biyar a jere ana yayyafi da ɗan sanyi-sanyi, cikin mako ɗaya gonar ta koma kamar an bi ta da wuta. Tsiro 200 na dasa, waɗanda suka rage a tsaye ba su kai goma ba.

Sai nace to shikenan ai ga jaruman nan Allah ya nuna min, na ɗebi irinsu na wanke na shanya na adana, bana na shuka ina ta murna zan ga canji. Wallahi cutar na dawowa suka bi sahun sauran, ko kwana ɗaya ba su ƙara a kansu ba. Na rasa gane kan abin, ba cewa ake in ka riƙa zaɓen wanda ya tsira a hankali zaka samu mai ƙarfi ba?

Abin da nake so shi ne in samu wannan zaƙin na irina amma ya zama yana jure cuta, kuma in riƙa ajiye irina da kaina ba sai na saya duk shekara ba. Shin ƙaramin manomi irina zai iya, ko kuwa aikin masu farar riga ne a ɗakin bincike? Nagode.

Ɗan_Fadama

Wa alaikumus salam. Malam kafin a je maganar iri, wace cuta ce tukuna? Don kace "cuta" kawai kamar kaje asibiti ne kace ba ka da lafiya ka yi shiru. Babu wani tumatir a duniya da yake jure cuta gaba ɗaya, kowace da irin garkuwarta.

Ka duba ka faɗa mana. In tabo ne ruwan ƙasa mai zobe-zobe a ciki, yana farawa daga tsofaffin ganyen ƙasa yana hawa sama a hankali, wannan daban. In kuma ganyen ne yake yin wani baƙin tabo kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, da sassafe ka juya bayansa kaga farar funfuna a gefen tabon, kara ya yi baƙi, wannan ita ce mai cinye gona a mako guda. In tsiron yana kore shar kawai ka wayi gari ya yi yaushi ya langaɓe alhali ƙasa da danshi, ka yanki karan daga gindi ka rataya shi a kofin gilas mai ruwa, kada ka motsa, in kaga wani farin abu kamar zare yana sauka daga bakin yankan cikin 'yan mintuna to bakteriya ce. In gefe ɗaya na tsiron ne yake yin rawaya kuma ka tsaga karan kaga cikinsa ruwan ƙasa, ta cikin ƙasa ce. Sannan ka tumɓuke guda biyu ka kalli saiwar ko akwai ƙulle-ƙulle.

Mai_Lambu77

Ɗan_Fadama Allah ya saka da alheri. Ta biyun nan ce sak, tafasasshen ruwan nan da ka faɗa kamar kana gonar. Har 'ya'yan ma suna yin wani tabo ruwan ƙasa mai tauri. Na yi gwajin kofi ba abin da ya fito. Amma da na tumɓuke na ga ƙulle-ƙullen a saiwar wasu, ban taɓa lura da su ba sai yau, ashe gobara biyu ce a gidan.

Tsohon_Malamin_Gona

Salamu alaikum. Ɗana Mai_Lambu, ka yi sa'a a cikin rashin sa'a, don cututtukan nan biyu duka an san garkuwarsu, kuma garkuwar tana bin gado a fili yadda mutum zai iya bibiyarta ba tare da na'ura ba.

Ta ganyen sunanta a wajen masana Phytophthora infestans, ita ce ta halaka dankalin ƙasar Ayalan daga shekarar 1845 har aka yi yunwar nan da ta kashe mutane wajen miliyan ɗaya, kuma a 2009 ta bi gonakin tumatir na arewa maso gabashin Amurka ta hanyar dashen da aka sayar wa mutane da cutar a jikinsa. Sanyi-sanyi da laima take so, iska ce take ɗaukar ta daga gona zuwa gona. Ƙulle-ƙullen saiwa kuma aikin wata mitsitsiyar tsutsar ƙasa ce da ido baya gani, nematod.

Yanzu ga dalilin da yasa jarumanka suka baka kunya. Furen tumatir kansa yake yi wa barbara, namijin da macen suna cikin fure ɗaya kuma a rufe, saboda haka irin da aka daɗe ana ajiyewa duk tsiransa kusan abu ɗaya ne, tamkar kwafi 200 na takarda ɗaya. Waɗannan goman da suka tsira ba wani abu suke da shi da 'yan uwansu ba su da shi ba, mai yiwuwa a bakin gona suke inda iska take busar da raɓa da wuri, ko cutar ce bata kai kansu ba kafin rana ta buɗe. Tsira suka yi, ba juriya ba. Zaɓe yana aiki ne in akwai bambanci a cikin abin da kake zaɓa, kai kuma irinka babu garkuwar a cikinsa kwata-kwata, ko shekara ashirin zaka yi kana zaɓe ba zata faɗo daga sama ba. Dole a shigo da ita daga waje ta hanyar barbara.

Kuma ba laifin irinka kaɗai bane. Tumatirin da duniya take nomawa gaba ɗayansa tsatsonsa a ƙuntace yake, asalinsa daga yammacin Kudancin Amurka, yankin Peru da Ikwado, aka ƙarasa mayar da shi amfanin gona a Meziko, Turawan Sifen suka kai kaɗan Turai a ƙarni na 16, daga wannan kaɗan ɗin aka yaɗa. Dukiyar garkuwar an baro ta a daji wajen 'yan uwansa, wasu 'ya'yansu kamar ƙwayar wake, wasu kore ne ko sun nuna ba sa ciyuwa. Kusan duk wata juriya da ke cikin tumatirin zamani daga can aka ɗauko ta. Ta cutar yaushi ta fusariyom an samo ta wajen Solanum pimpinellifolium a ƙarshen shekarun 1930, ta nematod da ake kira Mi daga wani ɗan daji na Peru a shekarun 1940, shi wannan ma sai da aka ciro ɗan tayin irin aka rene shi a kwalba don barbarar taƙi kamawa da kanta. Marigayi Charles Rick na jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya shafe shekaru yana hawa duwatsun Andis yana tattaro su, rumbun irin da ke can yanzu sunansa yake ɗauke da shi.

Amma kai kada ka ce zaka je wajen ɗan daji, wannan wahalar wasu sun riga sun sha maka ita. In ka haɗa da ɗan daji garkuwar bata zuwa ita kaɗai, tana jawo tarkacen maƙwabtanta, ƙananan 'ya'ya, ɗaci, rashin yabanya, sai an yi shekaru ana tankaɗe. Ka ɗauko daga irin da aka riga aka gyara.

Na garkuwar cutar ganyen nan taka ƙwayoyin gado uku aka fi sani, Ph-1, Ph-2 da Ph-3. Na farkon cutar ta daɗe da karya shi, ka manta da shi. Na biyu shi kaɗai rage mata gudu kawai yake, amma in aka haɗa Ph-2 da Ph-3 a tsiro ɗaya sai kaga bambanci kamar dare da rana. Irin da ke ɗauke da su biyun akwai Mountain Magic da Mountain Merit na jami'ar jihar North Carolina, aikin Randy Gardner da abokan aikinsa, akwai Defiant, akwai Iron Lady da jami'ar Cornell ta sa hannu a ciki. Mountain Merit ma yana da Mi a ciki, kaga jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Lissafin kuwa ba wuya. Kowane tsiro kwafi biyu yake da shi na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. In ka haɗa irinka da wanda yake da kwafi bibbiyu na Ph-2 da Ph-3, kamar Iron Lady, duk 'ya'yan zubin farko zasu samu ɗaya-ɗaya na kowanne. In kuma uban kwafi ɗaya-ɗaya gare shi, kamar yawancin irin F1 (wato zubin farko na haɗin iri biyu da ake sayarwa a fakiti), to ɗaya cikin huɗu ne kawai na 'ya'yan zai samu duka biyun, sai ka shuka da yawa ka bari cutar ta nuna maka su. Daga nan ka bar zubin farko su yi wa kansu barbara, ka shuka zubi na biyu, a nan ne zaka ga abin mamaki, kowane tsiro da kamarsa, dogo da gajere, mai zaƙi da lami, albasa bata yi halin ruwa ba. Cikin kowane 16, tara suna da duka biyun ko da kwafi ɗaya ne, amma guda ɗaya tak ne ya cika kwafi bibbiyu, kuma shi kake nema don waɗannan ƙwayoyin sun fi ƙarfi in sun cika biyu, kuma shi ne 'ya'yansa ba za su rasa garkuwar ba. Tsiro 100 zai baka wajen shida. In ka ƙara Mi a lissafin ya koma ɗaya cikin 64, ga kuma zaƙi da girma da kake so a kansu, shi yasa nake ganin ka fara da cutar ganyen tukuna.

Sauran aikin haƙuri ne. Kowane zubi rabin abin da bai zauna ba yake zama, zubi na biyu kashi 50 cikin ɗari, na uku 75, na huɗu 87 da ɗigo 5, kafin na shida ka kai kusan 97, a nan zaka iya cewa kana da iri naka da zai riƙa haifar kamarsa. In kuma zaƙin irinka ne ya fi damunka, ka sake mayar da zubin farko kan irinka, 'ya'yan su zama kashi 75 naka ne, ka sake su zama 87 da rabi, amma duk mayarwa sai ka tabbatar wanda ka ɗauka yana ɗauke da garkuwar, in ba haka ba ka koma gidan jiya.

Abu ɗaya da nake roƙonka, fegin da kake zaɓe a ciki kada ka fesa masa komai, ko irin wanda dokar oganik ta yarda da shi, kuma ka dasa tsohon irinka a tsakankaninsu layi-layi. Shi ne ma'auninka. In ya mutu na kusa da shi yana tsaye kore, ka samu. In shi ma bai kamu ba to shekarar bata gwada maka komai ba, kada ka zubar da iri ko ɗaya.

Uwar_Iri

Malam ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni ta ɓangaren hannu zan ɗan ƙara don na yi shekara huɗu ina wannan wasan a bayan gida kuma na yi ɓarna ba kaɗan ba kafin hannuna ya faɗa.

Ƙanina ka mayar da irinka uwa, wancan ya zama uba. Ka nemi furen da gobe zai buɗe, wanda ya fara juyawa daga kore zuwa rawaya-rawaya amma bakinsa a rufe. In ya riga ya buɗe ya yi rawaya sosai ka kyale shi, ya gama yi wa kansa aiki, wannan shi ne kuskurena na shekarar farko, na yi ta murna barbara ta kama ashe duk 'ya'yan uwar ne zalla, kaka guda ta tafi a banza. Da hantsaki zaka zare wannan rawayan kwararon da ya zagaye tsakiya a hankali, ka bar siririn tsinken nan na tsakiya shi kaɗai, shi ne macen, in ka karya shi ko ka ƙuje shi sai dai ka koma wani furen. Garin namijin kuma daga furen uban da ya buɗe sosai zaka samo, ka tara cokali ko wani abu mai duhu a ƙarƙashi ka riƙa ɗan ƙwanƙwasa furen, ni buroshin haƙori mai batir nake ɗora masa a wuya garin ya zubo kamar hoda. Washegari da safe in raɓa ta bushe ka dangwala kan tsinken a cikin garin, ka sake jibi don tabbaci. Ka ɗaura zare mai launi, kuma ka yanke biyu ko uku daga koren ganyayyakin nan na gindin furen, don zare yana faɗuwa amma wannan alamar tana nan har ɗan ya nuna. Sauran furannin da ke reshen ka cire su. Kada ka yi guda ɗaya ka tafi, yi goma ko sha biyar, kuma ba a tsakiyar zafi ba don in rana ta yi tsanani garin baya kamawa furen ma zubewa yake.

Wajen cire iri, ka matse shi da ruwansa a kofi ka bar shi kwana biyu zuwa uku ya yi tsami, wannan yauƙin ya narke, ka wanke ka shanya a inuwa. Kowane tsiro da ambulan ɗinsa da lambarsa, kada ka kuskura ka haɗa su wai ai duk masu kyau ne, in ka haɗa ba zaka taɓa sanin wanda garkuwarsa ta cika biyu ba. Ta hanyar 'ya'yansa ake ganewa, ka shuka layi guda daga kowace ambulan, layin da duk suka tsaya shi ne, wanda wasu suka mutu wasu suka rayu bai zauna ba tukuna.

Inda zan ɗan saɓa da Baba, da neman afuwa, shi ne maganar a fara da cuta zalla. Ni na yi haka, na samu wani layi da ko ganye ɗaya baya ƙonewa, na kai shi zubi na huɗu ina ji da shi, ranar da na zauna na ci shi da hankali sai naji kamar ina tauna jiƙaƙƙen kwali. Tun daga zubi na biyu ka riƙa yawo da wuƙa a aljihu kana yanka kana ɗanɗanawa, ka kira yara ma su ɗanɗana don su ba sa kara. Tsiron da ya ɗan kamu kaɗan amma ya kai kaka kuma yana da daɗi ya fi min wanda ya tsaya ƙyam ba mai son ci. Ka rubuta komai a littafi, ƙwaƙwalwa tana yaudara.

Au, kuma kada ka tsorata in kaga wajen kashi ɗaya cikin huɗu na zubi na biyu sun fito gajeru masu tsayawa da girma, in naka mai yaɗo ne uban kuma gajere haka gadon yake fita.

Kwana_a_Gona

Ni dai gaskiya bari in zama mai ɓata biki. Zubi shida fa ake magana, in sau ɗaya kake noma a shekara shekara shida zuwa bakwai kenan, in kana yin biyu ma ai cutar ba duk kaka take zuwa ba, kakar da bata zo ba ka tura zubi gaba a makance. Duk wannan lokacin me zaka ci? Kuma wani abin da ba a faɗa ba, garkuwar ƙwaya ɗaya ko biyu ba ta har abada bace, cutar ma tana canza salo. Ph-1 ɗin da Malam yace a manta da shi ai da can shi ne gwani. Ga Tm-2² da ya tsare tumatirin duniya daga cutar mozayik, mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare, shekaru kusan hamsin, sai ga wani sabon bairos ya ɓulla a Isra'ila da Jodan wajen 2014 da 2015 ya bi ta kansa ya wuce kamar babu shi. Shi kansa Mi in zafin ƙasa ya haura digiri 28 ya daɗe a haka sai ya saki, tsutsar ta shiga abinta, kaga mai noma a wuri mai zafi zai iya shan wahalar shigo da shi ya tashi a tutar babu.

Shawarata, ta nematod ɗin ka bi ta wata hanya. Ka daina maimaita tumatir da danginsa, barkono, gauta, dankali, a fegi ɗaya, ka juya da hatsi shekara biyu zuwa uku, ka ƙara taki, sannan ka koyi yi wa tumatir aure, wato ka yanko kan irinka mai zaƙi ka ɗora a gindin wani mai jure cutar ƙasa, kamar dai yadda ake yi wa itatuwa. Cibiyar binciken kayan lambu ta duniya da ke Taiwan ta daɗe tana koyar da wannan, har a kan gindin gauta ake ɗorawa saboda yaushin bakteriya da kwanciyar ruwa. Cikin mako biyu ka gama, ba shekara shida ba. Amma fa aure baya maganin cutar ganye, wannan ta iska ce, gindi ba ruwansa.

Ta ganyen kuma ka buɗa tazara, ka kafa musu sanda, ka cire ganyen ƙasa, ban ruwa a gindi ba a ka ba, in da hali ka yi musu rumfar leda ruwan sama ya daina taɓa ganye. Maganin jan ƙarfe dokar oganik ta yarda da shi amma rigakafi ne kawai kuma yana taruwa a ƙasa yana cutar da tana, shi yasa Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai tun 2019. Ban ce kada ka yi barbarar ba, amma ka ware mata lungu guda, sauran gonar ka sayi irin da aka riga aka gyara ka shuka ka samu na cefane.

Mai_Lambu77

Kai jama'a Allah ya biya ku, yau na yi karatun da ban yi ba a shekara biyar. Kwana_a_Gona ba ka ɓata biki ba wallahi, gaskiya ce ɗaya. Amma wani abu ya tsaya min a rai, waɗannan masu lamba-lamba Ph kaza Mi kaza, ba su ne GMO ɗin da ake cewa an haramta a noman oganik ba? Kada inje in gurɓata irina da hannuna.

Tsohon_Malamin_Gona

A'a ɗana, kwantar da hankalinka. Lambobin suna ne kawai da masana suka raɗa wa ƙwayoyin gadon da Allah ya halitta a jikin tumatirin daji, kuma ta barbarar fure aka shigo da su, irin wadda Hajiya Uwar_Iri ta koya maka yanzu da hantsaki. GMO shi ne a ɗauko ƙwayar gado a ɗakin bincike a cusa ta cikin tsiro ba ta hanyar fure ba, wannan kam ƙa'idojin oganik na Amurka da na Turai duk sun hana. Irin F1 ba a hana shi ba. Abin da zaka kula da shi shi ne irin da ka buɗe fakiti ka gan shi da launin hoda ko shuɗi ko kore, wannan an shafe shi da maganin funfuna na sinadari, ka nemi wanda ba a shafa ba. Ka kuma karanta bayan fakitin, wasu irin suna da kariyar doka ta mai su, musamman in wata rana zaka sayar da abin da ka fitar.

Haruffan da kake gani a fakiti ma ga fassararsu tunda an zo wajen, V da F cututtukan yaushi ne na cikin ƙasa, N nematod, T mozayik. In kaga HR juriyar mai ƙarfi ce, IR matsakaiciya.

Akwai kuma gwajin da ake yi wa ɗan guntun ganye a ɗakin bincike a gaya maka ko tsiron yana da Ph-2 da Ph-3 kuma kwafi nawa, tun yana ɗan yaro a wajen reno. Karantawa kawai ake, ba a canza komai a jikinsa, don haka bai saɓa wa oganik ba, kuma shi ne amsar damuwar Kwana_a_Gona ta shekarar da cuta bata zo ba. Wanda bai samu wannan ba sai ya riƙe ragowar irin kowane zubi a wuri mai sanyi da bushewa, irin tumatir yana kai shekara huɗu zuwa biyar da ransa, in ya gano ya yi kuskure ya koma baya ya ɗauko.

Maganar karyewar garkuwa kuwa gaskiya ya faɗa, shi yasa ake tara biyu ko uku a tsiro ɗaya maimakon ɗaya. Hajiya kuma na karɓi gyara, kuma zaɓen nata yana da wata fa'ida da bata ambata ba. Akwai juriyar da ba ta ƙwaya ɗaya bace, ƙananan ƙwayoyi ne da yawa kowace da ɗan nata taimakon, tsiron yana kamuwa amma a hankali har ya kai ga ba da amfani, irin wannan ce ake dogaro da ita a cutar tabo mai zobe da yaushin bakteriya, kuma ta fi wuyar karyewa. Ba a ganinta sai a gonar da ba a feshi. Jami'ar Purdue da wasu jami'o'in Amurka suna da shiri na musamman kan tumatirin oganik, kuma a gonakin oganik suke gwada layukansu, har da manoma a cikin masu zaɓe da ɗanɗanawa, saboda tsiron da ya yi fice da takin zamani da feshi ba lallai ya yi fice a ƙasa irin taka ba.

Mai_Lambu77

Alhamdulillah hankalina ya kwanta. Na yanke shawara, layi huɗu na ƙarshen gona inda raɓa ta fi daɗewa su zan ware wa gwajin tunda nan cutar take fara sauka, sauran in bi shawarar Kwana_a_Gona. Hajiya tambaya ta ƙarshe, irina yana da jinkirin fure, in na shuka su rana ɗaya da uban anya zasu haɗu?

Uwar_Iri

Ka shuka uban sau biyu, ɗaya tare da naka ɗaya bayan kwana goma sha huɗu, dole ɗayan ya dace. In kuma duk da haka ya riga naka, tara garin ka bar shi ya bushe a inuwa, ka zuba a ƙaramar kwalba mai murfi ka sa a firji, yana yin kwanaki da ransa. Ka dai bari kwalbar ta huce kafin ka buɗe don kada gumi ya jiƙa shi. Kuma ka fara koyon zare kwararon a kan furannin da baka damu da su ba, goman farko duk sai ka karya tsinken.